Na'a-na'a a Shagon Aski

Duk wanda ya ce ƙuraje ciwon 'yan mata ne, bai ga haɓar Maman Biyu ba a wancan lokacin. Mace ta haura talatin, tagwayenta har sun fara kawo aikin gida daga makaranta, amma duk wata, da zarar al'adarta ta matso, sai haɓa da gefen muƙamuƙi su ɗauka. Ba irin ƙananan nan masu farin kai ba. Manya ne, masu zama can cikin fata, ba su nuna ba, ba su fashe ba, sai zugi. Ranar da suka tashi ko filo ba ta yarda ya taɓa wajen.

To, da a ɗakin ajiyar kaya take aiki, da da sauƙi. Ina! A shagon tabarau take, kuma ita ce ta ƙarshe a layi. Likita ya gwada ido, masu yanka su yanka gilashi, sannan a miƙo mata. Ita za ta zaunar da mutum, ta ɗan gasa hannun tabaran ta lanƙwasa shi daidai bayan kunne, ta ɗora masa a fuska, ta matso har suna jin numfashin juna, ta ce, "Kalle ni nan." Mutumin da ya yi shekaru yana ganin duniya dishi-dishi, abin da zai fara gani tangaran shi ne haɓarta.

Wata tsohuwa da aka sa wa tabarau karon farko ta ƙura mata ido, ta tafa hannu.

"Allah mai iko! 'Yar nan, ashe haka fuskarki take? Kai, gilashin nan ya yi!"

"Ai shi ya sa aka ajiye ni a nan, Iya," in ji Maman Biyu. "Duk wanda ya iya ƙirga su, ba sai an sake gwada idonsa ba."

Shago ya ɗauki dariya, har da ita. Da tsohuwar ta fita sai ta shiga banɗaki ta kulle, ta tsaya gaban famfo har ta huce. Abin ya yi mata ciwo, ba kaɗan ba, kuma ba wannan ne na farko ba.

Babu sabulun da ba ta gwada ba. Ta bar madara, ta bar gyaɗa, ta bar soye-soye har ta rame, su kuwa ƙurajen ko gezau. Sai wata nas da ta zo karɓar tabaran karatu ta dube ta da idon aiki, ba da idon tausayi ba, ta ce, "A muƙamuƙi kawai suke fitowa? Kuma suna bin wata? Gwada shayin na'a-na'a, mai dogon ganye mai tsinin nan, ba mai yaji ba. Ni ya yi min, ƙanwata kuwa bai yi mata komai ba. Amma ki fara tambayar likitan fata."

Ta je ta tambaya, don Maman Biyu ba ta zuba wa cikinta abu a kan maganar bakin kanta. Likitan bai yi mata alkawarin komai ba. Ya ce ana jin yana ɗan rage wani sinadari a jikin mace, wanda in ya yi yawa yake tayar da irin waɗannan ƙuraje. Kofi biyu a rana, kada ta wuce, ta yi haƙuri da shi na watanni, in ta samu ciki ta dakata ta dawo wurinsa.

Ta samo tsofaffin bokitan fenti, ta huda gindinsu, ta jera a baranda, ta dasa na'a-na'a. Safe da yamma ta tsinko, ta zuba tafasasshen ruwa, ta rufe kofin da faranti. Watan farko babu labari. Na biyu suka fito, amma ba su yi zugin da suka saba ba. Tafiya ta yi tafiya, ran nan ta farka ta tarar ta kwana a kan ɓangaren da ta daɗe ba ta kwanta ba. Ba wai fuskar ta koma ta jariri ba ce. Ɗaya ko biyu sukan leƙo su koma. Amma yanzu in ta ce "Kalle ni nan," da dukan fuskarta take faɗa.

Sai mu zo kan mijinta. Mai aski ne, shagonsa na bakin titi, bayan mai gyaran waya. Kowa Gemu yake kiransa, saboda wani gemu da yake ji da shi, yana taje shi tsakanin aski da aski. Mutum ne mai kirki, mai son jama'a, wanda in mutane ba sa yi da shi barci ba ya masa daɗi. Wata safiya ya kurɓi kofinta, ya lumshe ido, ya ce ashe abin daɗi take sha ita kaɗai. Ya fara tafiya da ɗan filas. Masu jiran layi suka ɗanɗana, ɗan filas ya koma babba. Kafin ka ce me, shagon Gemu ya zama wurin da ake zuwa aski ko gashi bai taru ba. Ita kuwa ba ta damu ba, ganye ne, ana tsinka yana ƙara tofowa.

Abin da ya faru a shagon, daga bakin matar wani tela ta ji shi, don telan yana wurin. Akwai wani da ake ce wa Lauya. Bai taɓa leƙa ajin shari'a ba, dillalin motoci ne, gardama ce ta ba shi sunan. Yana kan kofi na biyu ya tambayi Gemu wai me Madam take yi da shayin nan haka. Gemu, da bakinsa ba ya riƙe ruwa, ya ce ai maganin ƙurajenta ne. Lauya ya zaro waya ya latsa. Sai aka ga ya ajiye kofin a hankali, ya miƙe tsaye.

"Jama'a, an gama da mu! Ga shi nan a rubuce. Sinadarin maza yake ragewa!"

Wai wani direban tasi furzar da na bakinsa ya yi a kan madubi. Saja, tsohon ɗan sandan da yake zuwa duk mako, ya shafa sanƙonsa ya ce dama ya ga abin yana ƙara faɗi. Tela ya ce shi ya sa kwanan nan in matarsa ta ɗaga murya sai ya ji ba shi da kuzarin ramawa. Wani ya ce ƙungiyar ƙwallonsu ta daina cin wasa tun da aka kawo filas ɗin nan. Kowa ya zazzage matsalarsa ya ɗora wa ganye. Lauya ya dubi gemun Gemu ya ce, a ganinsa dai, gefen hagu ya fara yin shara-shara.

Wannan ce ta kashe Gemu. Da yamma ya shigo gida ba sallamar kirki, ya wuce gaban madubi, ya daɗe yana juya fuska.

"Maman Biyu, ganyen nan zai bar gidan nan."

Tana yanka albasa. Ba ta ɗago ba. "Ka daina kai musu mana. Ni dama ban aike ka ba."

"Ba ki gane ba. Cewa suke ko ban kawo shago ba, ina sha a gida. Suna kallona suna ƙus-ƙus. Yau mutum uku suka tashi daga layi. Na rantse musu babu shi a gidana daga yau."

"Ka rantse a kan abin da ba naka ba, Baban Biyu."

"Haba! Don 'yan ƙuraje? Ni da ƙurajenki na gan ki, da su na aure ki. Na taɓa cewa sun dame ni? Ko sau ɗaya?"

Ya faɗe ta yana buɗe hannuwa, yana jiran a gode masa. Har ga Allah a ransa kyakkyawar magana ya yi. Maman Biyu ta ajiye wuƙar, ta dube shi. Tagwaye na zaune a falo da kunnuwa a buɗe, don haka ta haɗiye abin da ya zo bakinta. Ta ce kawai, "Ba zan daina ba." Ta ci gaba da yankanta.

Washegari rabin yini ta yi a wurin aiki. Ta dawo da rana, ta fita baranda don ta tsinko na yamma, sai ta tarar da bokitai a kife, ƙasa a warwatse. Ko ganye ɗaya Gemu bai bari ba.

Ganye dai ana sayarwa a kasuwa, ta sani. Tana iya saya ta ɓoye a jakarta, ta riƙa sha a bayan kanta a wurin aiki, ta wanke kofi kafin ta dawo. Ta tsaya ta hango kanta tana satar shan maganinta, tana tauna cingam a mota don kada miji ya ji ƙamshi, don kawai dillalin motoci ya samu kwanciyar hankali. Ta ce, "Wallahi ba da ni ba."

Ta shiga banɗaki ta wanke fuska tas, ba hoda ba komai. Sannan ta ɗauki jakar tawul ɗin shago, waɗanda take haɗawa da wankin gida duk mako, ta fita.

Shagon a cike yake, don gulma ta fi shayi tara mutane. Kujera biyu ta aski, dogon benci, talabijin a sama ana ƙwallo ba murya, fitila fara ƙal a kan madubi. Lauya ne a kujera, an ɗaura masa ƙyalle a wuya, an aske masa rabin kai. Saja, tela da direba suna benci. Ta yi sallama. Aka amsa a rarrabe, kowa ya gyara zama. Gemu ya kashe kilifa.

"Lafiya, Maman Biyu? Yaran ne?"

"Yara lafiya lau. Tawul na kawo maka." Ta ajiye jakar a kan teburin kaya. "Sannunku da hutawa. Na ji an ce shayina ya yi muku ɓarna."

Lauya ya yi gyaran murya ta cikin madubi. "Madam, ba mu muka faɗa ba. A rubuce yake."

"Na sani, ni ma na karanta tun kafin ka karanta. Kuma na je na tambayi likita, ban tsaya a waya ba. Abin da ya gaya min a kan jikina ya gaya min, ni mace, mai shan kofi biyu kullum. Naku ban tambaya ba, don ban san za a mayar da maganina na majalisa ba. Wanda hankalinsa bai kwanta ba, asibiti a buɗe yake, ya je ya tambaya. Kuma daga yau ko kun roƙa ba za ku sake ganin filas ɗina ba."

"To ai shi ke nan," in ji tela da sauri, yana neman a rufe zancen.

"Bai ƙare ba, Malam." Ta zuge jakar ta zaro tawul ɗaya, ta warware shi. Fari ne a da, amma gefensa duk dabbare-dabbaren baƙi ne da wanki ya kasa fitarwa. "Kun san mene ne wannan? Rinin gashi ne. Duk mako sai na jiƙa irinsa da yawa. Ban san na wa da wa ba ne, ban taɓa tambaya ba, ba kuma zan tambaya ba."

Direba ya sunkuyar da kai yana duba takalminsa. Saja, da gashin bakinsa yake baƙi wuluk a shekarunsa, ya kai hannu ya rufe baki wai tari yake.

"Ban ga laifinku ba," in ji ta. "Kowa yana son in ya dubi madubi ya ga wanda zai iya fita da shi. Ku kuna da wannan kujerar, a ja labule a gyara ku, ku fita kuna taƙama. Ni bokiti uku gare ni a baranda. Su ne aka kife min yau don a faranta muku."

Ta juya ga kujera ta biyu, wadda ba kowa, ta hau ta zauna, ta jingina kai ta ɗaga haɓa sama ƙarƙashin fitilar.

"Maman Biyu, mene ne haka?" in ji Gemu ƙasa-ƙasa. "A gaban mutane?"

"A gabansu ka rantse. Zo ka duba. Kai ne masanin fuska a unguwar nan, kana gane ƙurjin aski tun daga bakin ƙofa. Duba tawa yadda kake duba tasu."

Ya matso. Hannun mai aski ba ya ganin haɓa a ɗage ya ƙi aiki. Da kansa babban yatsansa ya hau muƙamuƙinta, ya bi a hankali daga kunne zuwa haɓa, yadda yake yi in yana neman inda reza ta tsallake. Fata sumul. Sai wasu baƙaƙen tabo, ƙanana, a jere.

"Waɗannan fa?" ya ce.

"Naka ne. Ka manta? Farkon aurenmu, da kake ɗora min tawul mai zafi, ka matse da yatsu biyu, ka shafa sifirit. Kana cewa minti ɗaya ne, haka kake wa kowa. Nawa ba irin na aski ba ne, ba su da bakin fita. Ina cije leɓe ina ƙyale ka, don na ga kana murna kana taimakona."

Yatsansa ya tsaya cak.

"Jiya ka ce ba su taɓa damunka ba. Gaskiya ne, kuma na gode. Amma ba a fuskarka suke ba, Baban Biyu. Ni suke damu. Ni ce nake kwana ta ɓangare ɗaya. Ni ce nake matsowa gaban baƙo kullum in ce ya kalle ni, ina jiran abin da zai fito daga bakinsa. Na samu abin da ya raba ni da wannan, ba zan koma ba. Ko shagon nan zai koma ba kowa sai kai da kilifa, ba zan koma ba."

Muryarta ba ta yi rawa ba. Idonta ne dai ya kawo ruwa, ta bar shi, ba ta goge ba.

Gemu ya janye hannunsa daga haɓarta. Da ƙyar ya ce, "Ban san suna miki ciwo haka ba."

"Ba ka tambaya ba."

Lauya ya motsa a kujerarsa. "To, Gemu, a ƙarasa min mana, ina da wanda zan gani..."

"Kai, rufe mana baki!" in ji Saja, da muryarsa ta zamanin ɗan sanda. Lauya ya rufe.

Maman Biyu ta sauko daga kujerar ta gyara mayafinta. "Ina ka kai min shukata?"

Idon Gemu ya tafi lungu, inda babbar robar shara take. Ashe da safe da ya tuge, nan ya kawo, ya ɗaga sama ya nuna wa jama'a shaida, aka yi masa tafi, sannan ya tura ciki. Tun daga lokacin kuwa aski ake yi ana sharewa ana zubawa a kai.

Ya je ya buɗe murfin. Ya dubi abin da ke ciki, ya dubi benci, inda duk idanu suke kansa. Sannan ya naɗe hannun farar rigarsa ta aiki, ya durƙusa, ya zura hannu har gwiwar hannu cikin gashin mutane, baƙi da fari da rinanne, da audugar da aka goge wuya, da tsofaffin reza a nannaɗe cikin takarda.

"Yi a hankali da reza," in ji ta.

Ya zaro dunƙule na farko. Ganyen ya yi yaushi, ya yi baƙi, gashi ya manne masa ko'ina. Ya ɗago mata shi, fuskarsa duk ta faɗa.

"Ya mutu, Maman Biyu."

"Ba ganyen nake so ba. Duba ƙasa, farar jijiyar nan mai gaɓa-gaɓa. In akwai ta, zai tashi."

Ya kakkaɓe, ya hure gashin, ya tsinke mata wata farar jijiya mai tsawon yatsa. Ta karɓa, ta kai kusa da fitila, ta ɗan kankare da farce. Cikin ɗanye ne shar.

"Wannan zai yi. Nemo sauran."

Ya koma ya zura hannu. Tela ya tashi ba wanda ya sa shi, ya ɗauko kwanon da ake kaɗa kumfar aski, ya ɗauraye, ya tara ruwa ya ajiye kusa da shi. Ɗaya bayan ɗaya Gemu yana zarowa, yana wankewa, yana sakawa a kwanon, gemun nan da yake ji da shi duk ya kwashi gashin wasu. Da ya tabbatar ba saura, ya miƙe da kwanon a hannu biyu.

"Gemu, kaina fa?" in ji Lauya a hankali, rabi a aske rabi a tsaye.

"Jira ni," ya ce. "Rana za ta busar da su."

Maman Biyu ta yi musu sallama ta fita. Ya biyo ta a baya da farar rigarsa da ta yi dumu-dumu, yana tafiya sannu don kada ruwan ya zube, suka bi ta gaban mai gyaran waya da masu shaguna duk suna kallo. Ba ta waiwaya ba sai da suka kai kwana. A nan ta rage sauri har ya iso, suka jera.